Birnin Gwandu Da Ganuwarsa

Kowa ya san Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi yake zaune, amma ba kowa ya san garin da sarautar ta samo suna ba. Mu mutanen Wurogauri tun muna yara muke jin labarinsa a bakin dattawa, shi ya sa na ga ya kamata in ɗan gutsura wa 'yan'uwana ɗalibai.

An ce asalin sunan "gandu" ne, watau gonar sarauta, domin dā wurin gandun Kanta ne, Sarkin Kabi. Garin yana cikin kwari, tuddai masu duwatsu sun kewaye shi.

A shekarar 1805 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sauka a nan da jama'arsa, sa'an nan kuwa garin ba shi da ganuwa. Cikin shekarar nan Gobirawa da Kabawa da Azbinawa suka haɗa kai, suka karya rundunar jama'a a Alwasa, suka biyo ta har Gwandu. Da ƙyar aka kore su. Wannan tsorata ita ta sa Muhammadu Bello ya gina wa garin ganuwa a 1806.

Da aka raba mulkin ƙasa a 1812, yamma ta faɗa hannun Malam Abdullahi, ƙanen Shehu. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ya zauna a Gwandu, garin ya zama babban birnin yamma, har Nufe da Ilori suna bin sa. Duk da haka bakin daga yake, gama tun da Yakubu Nabame ya ta da Kabawa a 1849 ba a rabu da yaƙi tsakaninsa da Argungu ba. Sai bayan zuwan Turawa a 1903 aka tabbatar da gadon sarauta a Birnin Kebbi.

Wanda ya je ziyara, ya fara da hubbaren Malam Abdullahi. Daga nan ya hau tudu ya dubi kwarin, zai gane abin da ya sa abokan gaba suka kasa cin garin. Ya tuna kuma birnin littattafai ne, domin a nan Bature Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, ya sami littafin tarihin Songhai a 1853.

To, jama'a, ganuwar ƙasa ba ta jure damina sai da gyara, labari ma haka. Mu da za mu koyar da yara, in ba mu koya musu wannan ba, wa zai koya musu?