Allurar kyauta da kamfanonin magani: wanne zance ne gaskiya?

Duk sanda ma'aikatan lafiya suka shigo unguwa da akwatinsu na ƙanƙara, tambaya ɗaya ce ke yawo daga zaure zuwa majalisar bakin titi: ka kai ɗanka asibiti da zazzaɓi, ko farasitamol sai ka saya, to don me wannan allura kaɗai ake biyo ka da ita har ƙofar gida ba ko kwabo? Wani ya ce maganin hana haihuwa ne, wani ya ce gwaji Turawa ke yi da 'ya'yanmu. Ban taɓa kallon masu wannan tambaya a matsayin jahilai ba. A cikin maganganun nan akwai wanda tarihi ya gaskata, akwai wanda ba shi da tushe, kuma cakuɗa su wuri ɗaya ya jawo mana asarar yara.

Zancen cewa wani kamfani ya taɓa gwada magani a kan yaran Kano gaskiya ne. A 1996, lokacin da annobar sanƙarau ke kwasar dubban rayuka a Arewa, kamfanin Pfizer na Amurka ya turo tawaga Asibitin Zana, aka ware yara wajen 200. Rabi aka ba su sabon magani mai suna Trovan, rabi aka ba su ceftriaxone, sanannen magani, amma ƙasa da adadin da aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, biyar daga ɓangaren Trovan, shida daga ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Takardar izinin da aka nuna ma, daga baya ta bayyana cewa bayan an gama aikin aka rubuta ta, aka mai da kwanan wata baya. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe yaran, kuma iyaye sun yarda da baki. Jaridar Washington Post ta tono zancen a ƙarshen 2000, gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011, shekara goma sha biyar bayan rasuwar yaran, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma daga nan ne zance ke karkacewa, domin Trovan a lokacin magani ne da ke matakin gwaji, alhali allurar da ake yi wa jarirai a asibitin sha-ka-tafi ta riga ta wuce wannan mataki. Ɗauki rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21, wanda Jami'ar Oxford ta ƙirƙiro, kamfanin Serum Institute na Indiya ke haɗawa. An gwada shi a kan dubban yara a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya, aka buga sakamakon kowa ya gani. Hukumar NAFDAC ta amince da shi a 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka, sannan aka fara yin sa a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. Gwajin magani kam har gobe ana yi a Afirka, kuma ya kamata a yi, tunda maganin da jikinmu zai sha ya dace a san yadda yake aiki a jikinmu. Sharaɗinsa shi ne bayani da harshen da mutum ke ji, da izini a rubuce, da damar ƙi. Duk uba ko uwa na da haƙƙin tambayar malamin asibiti: wannan gwaji ne ko maganin da hukuma ta yi wa rajista?

Batun hana haihuwa kuwa ƙarya ne. A 2003 Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna kan wannan zargi. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta tura ƙasashen waje ya dawo ya ce maganin lafiyarsa ƙalau, Kano ta koma yi a Yulin 2004 da wanda aka sayo daga Indonesiya. Sanadin wannan dakatarwa ƙwayar cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen ashirin, har Sudan da Yaman. Yaran da aka ɗiga wa maganin a wancan lokaci yau su ne ke goye da nasu 'ya'yan, kuma arewacin Najeriya da Nijar suna cikin wuraren da aka fi haihuwa a duniya. Tsohuwar jita-jitar ce aka sake ɗaura wa rigakafin kansar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023.

To kyautar fa? Uwa ce ba ta biya, amma an biya. Ƙawancen Gavi, wanda aka kafa a 2000, yana tara kuɗi daga ƙasashe masu hali da gidauniyoyi, UNICEF ta yi ciniki da kamfanoni ta sayo a sari, gwamnatinmu ta zuba nata kason. Kamfani yana karɓar kuɗinsa. Abin da ya fi burge ni a irin wannan ciniki ya shafi cutar nan ta 1996 ɗin. Nau'in sanƙarau na A ne ya yi waccan ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka shirya da Serum Institute ya haɗa rigakafin MenAfriVac a farashin da bai kai rabin dala ba kowace allura. Aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, Najeriya ta biyo baya, nau'in A ya kusan ɓacewa daga yankinmu. Mai cewa "ai an yi allurar amma ga sanƙarau bai tafi ba" ya ga daidai, sai dai wani nau'in ne: wanda ya addabi Zamfara da Sakkwato a 2017 nau'in C ne. Shi ya sa a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafi mai tare nau'i biyar.

Akwai kuma kyauta ta haƙiƙa. Tun 1987 kamfanin Merck ke ba da ƙwayar Mectizan ta maganin makantar da ƙudan bakin rafi ke jawowa, kuma a Janairun 2025 aka tabbatar Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta rabu da cutar. Kamfanin na samun suna da sassaucin haraji a ƙasarsa, wannan bai rage wa wanda ya tsira daga makanta komai ba.

Sai dai mai cewa kamfanonin nan don tausayinmu suke aiki, shi ma ya kauce. 'Yan kasuwa ne. Da kamfanin GSK ya ga kasuwar Najeriya ba ta biya, a Agustan 2023 ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye, ga faɗuwar naira, farashin Ventolin na masu asma da Augmentin ya ninka har ya gagari talaka. Lokacin korona ƙasashe masu kuɗi suka saye allurar tun kafin ta fito, mu aka bar mu da jira, abin da ya iso daga baya wani ya kusa lalacewa, har a Disambar 2021 Najeriya ta lalata sama da allura miliyan ɗaya da wa'adinsu ya ƙare. Wannan ne abin da ya kamata ya hana mu barci. Masana'antar gwamnati da ke Yaba a Legas, wadda ta taɓa haɗa rigakafin agana da shawara, ta tsaya tun 1991. Gwamnatin tarayya ta haɗa hannu da kamfanin May & Baker suka kafa Biovaccines don a farfaɗo da aikin, aka sabunta yarjejeniyar a 2017, amma allurar da ake yi wa jaririn da aka haifa yau a Kano daga waje aka shigo da ita.