Cinikin Gida a Dutse: Tayi, Sallama da Haƙƙin Magaji

Shirinmu na yau ya yada zango a Dutse, garin duwatsu da dabino, domin mu dubi yadda ake cinikin gida a wurin da masu nema suka fi gidajen yawa.

Tarihin a taƙaice yake. A shekarar 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga jihar Kano, ta mai da Dutse hedkwata, ma'aikata suka kwararo cikin garin da bai shirya musu masauki ba. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya, malamai da ɗalibai suka ƙaru a kan na da, har gonakin da ake shuka gero a bayan gari suka koma fulotai, mutum kuwa in ya ji labarin gida a unguwar Takur ko kusa da unguwar Garu bai yi hanzari ba, sai ya tarar an riga shi.

To, ku zo mu tsaya a ƙofar irin wannan gida da la'asar. Ga dillali da makullai a hannu, ga mai saye yana ƙwanƙwasa bango ya ji ko bulon na ƙwarai ne, yana ɗaga kai ya dubi silin ko akwai tabon yoyo, yana tambayar inda ruwa yake bi da damina. Ya taya, dillali ya ce, "Albarka, Alhaji." Ya ƙara, aka sake cewa albarka. Ana cikin haka sai ga wani mutum ya sauko daga mota, wanda bai shiga ɗaki ko ɗaya ba, bai tambayi rijiya ko magudana ba, ya tsaya daga bakin zaure ya ɗora tayi a kan tayin Alhaji, sa'an nan ya koma gefe yana danna waya. Shi kuwa Alhaji, da yake iyalinsa suna gidan haya kuma wa'adi ya ƙarato, sai zuciyarsa ta tsinke, ya ƙara abin da bai yi niyya ba, nan take aka ce an sallama.

Wannan mutum na biyu, jama'a, sau da yawa ba mai saye ba ne. Malaman fiƙihu suna kiran aikinsa najashi, wato mutum ya ƙara farashin kaya alhali ba ya nufin saye, sai don ya ruɗi waninsa. Imam Malik ya kawo hanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da shi a cikin Muwaɗɗa. Dillanci sana'a ce ta halal, la'ada kuma haƙƙi ce ga wanda ya yi wahalar haɗa ciniki, na kuwa san dillalai masu amana da za su gaya maka aibin gida kafin ka gano shi. Amma wanda ya ɗauko ɗan tayin ƙarya ya cuci ɗan'uwansa, ko da an sa hannu an yi addu'a an watse lafiya.

Sai dai abin da ya fi ɗaukar hankalina, wanda kuma gaggawa take sa mutane su tsallake shi, shi ne gidan gado. Gidan gado, jama'a, ku riƙe wannan. Yawancin tsofaffin gidajen cikin gari, waɗanda suka fi kyan wuri, ba na mutum ɗaya ba ne. Mai su ya rasu ya bar 'ya'ya da mata, ba a raba ba, babban wa ne yake riƙe da makulli yana magana da yawun kowa. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu suke hukunci da ita, akwai haƙƙin da ake kira shufu'a: idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da ikon biyan wannan kuɗin ya karɓe rabon. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda almajirai suke karantawa a zaurukanmu tun zamanin kakanni, ya fayyace cewa maƙwabci ba shi da wannan haƙƙi, kuma wanda yake gari ya yi shiru har shekara ta wuce ya rasa shi, amma wanda ba ya nan yana kan haƙƙinsa komai daɗewar tafiyarsa.

Ku auna wannan da halinmu na yau, da kusan kowane gida yake da ɗa a Legas ko Fatakwal, ko 'ya da aure ya kai ta nesa. Mutum ya saya, ya rushe, ya zuba dakali da tayil, bayan shekaru sai ga sammaci. In kuwa gidan gaba ɗaya aka sayar ba da yardar wani magaji ba, lamarin ya fi haka muni, domin an sayar da abin da ba a mallaka ba. Saboda haka kafin a ba da kafin alƙalami, a nemi takardar rabon gado daga kotu, a ji ta bakin kowane magaji, mata da maza, a kuma sa mai unguwa da maƙwabta na gabas da yamma su shaida iyaka.

Lokaci ya ƙure mana, ga shi ba mu taɓa batun hukuma ba. A gurguje: dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar birane a hannun gwamna, don haka gidan da yake da takardar shaidar mallaka ba ya canja hannu a idon doka sai da amincewarsa. A je ma'aikatar ƙasa a bincika fayil, a tabbata ba a jinginar da takardar a banki ba. Maganar kangon da ba a ƙarasa ba da rancen gina gida, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.