Giyar inabi mai zaƙi da araha: abin da zaƙin yake ɓoyewa

A ƙasar Amurka akwai dattawa maza da mata, ƴan shekara sittin zuwa saba'in, waɗanda in hira ta yi daɗi sai su ɗauko labarin wata giya da suka sha a ƙuruciya. Giyar inabi ce ko ta tuffa, mai zaƙi, mai ƙamshin ƴaƴan itace, wadda saurayi yake iya saye da ɗan canjin da ke aljihunsa. Suna ambaton sunayenta suna dariya: Boone's Farm, Thunderbird, MD 20/20. Yawancinsu yau ba za su kai ta baki ba, amma suna tuna ta kamar yadda mutumin karkara yake tuna wasan dandali a farin wata. Hukuncin giya a addinin mafi yawanmu sananne ne, malamai sun yi bayaninsa. Mu a nan abin da take yi wa jiki za mu duba, domin dabarar da aka haɗa wannan giya da ita ta iso kasuwanninmu cikin kwali da leda.

Yadda zaƙi da ƙarfi suke haɗuwa

Kowa ya san kunun zaƙi in ya kwana biyu cikin zafi: yana tsami, yana kumfa. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke cin sukarin da ke ciki. Wasunsu tsami suke kawowa. Wasu kuma su ne yisti, irin wanda mai gashin burodi yake sa wa ƙullu ya kumbura. Yisti in ya ci sukari yana fitar da abu biyu: iskar da ke yin kumfa, da alkol, wato sinadarin da ke bugarwa.

Lita ɗaya ta ruwan nunannen inabi tana ɗauke da sukari kamar giram 200. In an bar yisti ya gama aikinsa, sukarin zai ƙare, giyar ta fito ba zaƙi, da alkol kashi 12 ko 13 bisa ɗari. Shi kansa yisti ba ya jure alkol da ya wuce kashi 14 ko 15, sai ya daina aiki. Ke nan in an bar abin bisa ɗabi'arsa, duk zaƙin da ya rage cikin giya sukari ne da bai zama alkol ba.

Masu sana'ar sun daɗe da gano hanyar samun duka biyun. Tun yisti bai kai rabin aikinsa ba, sai su zuba masa barasa mai ƙarfi, irin wadda ake samu in an dafa giya an tara tururinta. Nan take yisti ya mutu, sukari ya tsaya yadda yake, alkol kuma ya hau zuwa kashi 18 ko 20. Haka mutanen Fotugal suke yin giyarsu mai tsada tun ɗaruruwan shekaru. Mai neman araha kuwa sai ya ƙara sukari da ƙamshi da launi, ya rufe duk wani aibin inabin da ya yi aiki da shi.

Daga gonakin Kalifoniya

Daga 1920 zuwa 1933 dokar Amurka ta hana yin giya da sayar da ita. Da aka ɗage dokar, galibin inabin ƙasar a jihar Kalifoniya ake noma shi, a wani kwari mai faɗi da zafin rana, inda ake noman ban-ruwa. Irin da ya fi yawa a wurin ana kiransa Thompson Seedless, wanda ake shanyawa a yi zabibi. Shekarar da gonaki suka yi kyau, kasuwar zabibi ta cika, sai a kwashe rarar a kai wa masu giya a farashin banza. Manomin albasa na Galmi ya san wannan ciwo: kaya sun yi yawa, mai saye ne ke yanka farashi. Zafin kwarin kuma yana sa inabi ya tara sukari ya rasa tsami, giyarsa ta fito lami. Maganin da aka samo shi ne a dafa wani kashi a fitar da barasa, a zuba ta cikin sauran. Har zuwa ƙarshen shekarun 1960, irin wannan giya mai zaƙi da ƙarfi Amurkawa suka fi sha bisa ga giyar inabi ta ainihi.

A 1933 wasu ƴan uwa biyu, Ernest da Julio Gallo, ƴaƴan baƙi daga Italiya, suka kafa masana'antarsu a garin Modesto. Dillalansu suka lura cewa a unguwannin talakawa baƙar fata mutane suna sayen farar giya mai zaƙi suna gauraya ta da ruwan lemun tsami. Sai kamfanin ya yi haɗin da kansa, ya fito da Thunderbird a 1957, mai alkol kusan kashi 20, ana sayar da kwalba ƙasa da dala ɗaya (dalar Amurka ake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba). Ba a jima ba ta zama giyar masu kwana bakin titi.

Ta samari ta biyo baya. Boone's Farm ta fito a 1961, giyar tuffa ce mai sauƙin alkol, daga baya aka ƙara mata ƙamshi iri-iri. Lokaci kuma ya taimake ta. A 1971 aka saukar da shekarun jefa ƙuri'a zuwa 18, sai jihohi da dama suka saukar da shekarun sayen giya su ma. Dattawan da muka ambata samarin wannan zamani ne. Da haɗarin mota ya yawaita tsakanin matasa, gwamnatin tarayya ta yi doka a 1984 don a maida shekarun 21, kuma zuwa 1988 duk jihohi sun bi.

Labarin da ya fi nuna haɗarin zaƙi shi ne na wata giya mai suna Cisco. A shekarun 1980 ana yayin wani abin sha mai sauƙi, giya gauraye da ruwan ƴaƴan itace, mai alkol kashi 4 zuwa 6. Kwalbar Cisco da launinta da zaƙinta duk sun yi kama da shi, alhali alkol ɗinta kashi 20 ne. Matasa suka riƙa kwankwaɗarta kamar lemu, aka yi ta kwasar wasu zuwa asibiti a sume. Babbar likitar gwamnatin Amurka ta lokacin, Antonia Novello, ta fito ta yi magana, kuma a 1991 hukumar kula da ciniki ta tilasta wa kamfanin ya sake siffar kwalbar. A 2006 kuma aka hana sayar da Cisco da Thunderbird da MD 20/20 a wasu unguwannin birnin Siyatil.

Mu yi lissafi

Kwalba mai santilita 75, in alkol ɗinta kashi 20 ne, tana ɗauke da alkol tsantsa santilita 15, wato kusan giram 120. Babbar kwalbar giyar hatsi da aka saba gani a mashaya, mai santilita 65 da kashi 5, alkol ɗinta ya ɗara santilita 3 da kaɗan. Ke nan kwalba ɗaya ta mai zaƙin ta kai huɗu da rabi na waccan. Hantar babban mutum kuwa giram 7 zuwa 10 kawai take iya ƙonewa cikin awa guda. Wanda ya shanye kwalbar da dare, hantsi zai yi masa jikinsa bai gama fitar da ita ba.

Ina ruwan zaƙi a nan? Alkol yana da ɗaci da zafi a harshe da maƙogwaro. Wannan ɗaci shi ne mai gadin ƙofa: yana sa mai sha ya riƙa kurɓa a hankali, yana kuma korar yaro tun kurɓar farko. Ɗan Adam kuwa da son zaƙi ake haifarsa, kuma yara da matasa sun fi manya son abu mai zaƙi sosai. In sukari da sanyi da ƙamshi suka rufe ɗacin, mai gadi ya yi barci, kofi yana bin kofi. Zuma ce, ga zaƙi ga harbi. Sukarin bai rage ko ɗigon alkol ba, harshe kaɗai ya ruɗa.

Abin da dattijo yake tunawa

Ba mu ce dattawan nan ƙarya suke yi ba. Sun ji daɗi, kuma da yawansu sun sha sun bari, sun yi aure sun tsufa lafiya. Amma tunanin ɗan Adam ba magatakarda ba ne mai rubuta kome daidai. Masana halayyar ɗan Adam sun lura cewa in aka tambayi tsoho labarin rayuwarsa, abin da ya faru tsakanin tasowarsa da shekara talatin ya fi zuwa masa, domin lokacin ne kome yake sabo: abokai, budurwa, tafiyar farko, kuɗin hannu na farko. Sun kuma lura cewa ɗacin abin baƙin ciki ya fi saurin dushewa bisa ga daɗin abin farin ciki. Dattijo yana riƙe da kiɗa da dariyar daren, ya manta aman asuba da ciwon kai. A ganina ƙuruciyarsa yake kewa, kwalbar shaida ce kawai da ta halarci wurin. In ba haka ba, me ya hana shi sayenta yau da yake da kuɗin?

Akwai kuma abin da alkol kansa yake yi. In ya hau cikin jini da sauri, yana tsayar da sashen ƙwaƙwalwa mai ajiyar sabon abu. Mutum yana tafiya yana magana, har ya yi faɗa ko ya tuƙa babur, gari ya waye bai san ya yi ba. Ba mantawa ya yi ba, tun farko ba a ajiye ba. Daren da ya fi muni shi ne wanda ba ya cikin labarin. Sa'an nan a tuna, masu rai ne suke hira. Abokin da mota ta kife da shi yana ɗan shekara 19, da wanda hanta ta kashe yana ɗan 45, ba sa wurin balle su faɗi nasu.

Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1997 ya nuna cewa waɗanda suka fara sha kafin shekara 15 sun ninka waɗanda suka fara daga shekara 20 zuwa sama kamar sau huɗu wajen zama bayin giya. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma sashen da ke auna abu kafin a aikata shi ne na ƙarshen nuna. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019. Tun 1988 cibiyarta ta binciken ciwon daji da ke Liyon, a Faransa, ta sa giya cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar.

A kasuwanninmu

Thunderbird ba hajarmu ba ce, amma dabararta ta zo. A kantuna da mashayun biranenmu ana samun giyar inabi ta kwali daga Turai, wata gauraye da ruwan ƴaƴan itace, kwalinta da hoton lemu da inabi kamar na abin shan yara. Kwalin lita ɗaya mai kashi 11 ya fi manyan kwalabe uku na giyar hatsi. Akwai kuma barasar leda mai ƙamshi da zaƙi, wadda sau da yawa take kai kashi 30 ko 40, ga araha, ga sauƙin ɓoyewa cikin aljihun ɗan makaranta. Kwaddibuwa ta hana ta a 2016. A Nijeriya hukumar NAFDAC ta sanar da hana ta a 2024, aka yi ta ja-in-ja da masu masana'antu.

Wanda ya koyi karatu yana iya gane ta kafin a buɗe. A duba jikin kwali ko kwalba. In an ga lamba da alamar % da haruffan vol, misali 11% vol, to giya ce, lambar kuma ita ce ƙarfinta. Kalmomin vin da sangria da liqueur su ma alama ce. Uwar gida da aka kawo wa kwali tsaraba ta duba kafin ta zuba wa yara.

Mu a nan muna da dalilai na musamman na yin hattara. Ciwon hanta irin na B ya yi yawa a Afirka ta Yamma, kuma sai a 2008 allurarsa ta shiga rigakafin jarirai a Nijar. Da yawa cikin waɗanda aka haifa kafin nan suna ɗauke da ƙwayar cutar ba su sani ba, alkol kuwa yana gaggauta ƙandarewar irin wannan hanta. Mai ciwon sukari shi ma abin yana dukansa ta fuska biyu: zaƙin ya hau da sukarin jininsa, daga baya alkol ya hana hanta fitar da nata, sukarin ya faɗi cikin dare, musamman in yana shan magani kuma bai ci abinci ba. Ga zafin bazara, alkol yana ƙara fitsari, jiki ya bushe. Mace mai ciki kuwa abin da ta sha yana isa ga ɗan da ke cikinta.

In kun tarar da yaro ko babba ya sha ya faɗi, ku sani alkol yana ci gaba da shiga jini daga ciki har bayan an daina sha, don haka wanda ake gani yana barci yana iya ƙara nutsewa. Kada a kwantar da shi rigingine. A juya shi bisa gefensa, a tanƙwara gwiwar sama, fuska ta ɗan kalli ƙasa, don in ya yi amai kada ya shaƙe. Kada a ɗura masa ruwa ko nono ko shayi yana sume, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Kofi mai ɗaci da wanka da ruwan sanyi ba sa fitar da alkol daga jini. In an kira shi an girgiza shi bai farka ba, ko numfashinsa ya yi ƙasa da sau 8 a minti, ko jikinsa ya yi sanyi leɓɓansa suka sake launi, a kai shi likita nan take, a tafi da kwalbar ko ledar da ya sha don ma'aikatan lafiya su ga ƙarfinta.