Awon ƙarfin ɗan wasa: ilimin da sai hannu ya taɓa ake iya shi

Kowa ya san matsayin kokowa a jahar Tawa. A garin Tawa ne aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a shekarar 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama zakara. Tun daga lokacin, da an gama girbin hatsi sai ganga ta tashi a garuruwan Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, kowane saurayi yana fatan shiga cikin mutum goma da za su wakilci jaha wajen neman takobi. Amma ta ƙaƙa ake gane cewa jikin yaro zai ɗauki wannan wahala? Faɗin ƙirji da kaurin damtse ido na ganinsu. Zuciya da huhu kuwa sai an auna.

Wannan awo sana'a ce da ake koyo. A ƙasarmu, makarantar INJS ta Yamai ita ke horar da malaman wasanni da motsa jiki, waɗanda ake turawa kwaleji da lise. A maƙwabciyarmu Nijeriya akwai sashen wannan ilimi a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ɗalibi yakan zauna aji ya koyi yadda jini ke zagayawa da yadda tsoka ke cin iska. Wannan rabin aikin ne. Sauran rabin yana fili, da agogo a hannu da mutum mai haki a gabanka.

Abin farko da ake sa ɗalibi shi ne ƙirga bugun zuciya. Zai ɗora yatsu biyu a wuyan hannun abokinsa, ta gefen babban yatsa. Ba a ƙirgawa da babban yatsa, don shi ma yana da nasa bugu, sai ya ruɗe ka. A ƙirga har sakan 15, a ninka sau 4, an sami bugun minti ɗaya. Baligi mai lafiya da ke zaune yakan sami tsakanin 60 da 100, wanda ya saba da gudu kuma yakan sauka ƙasa da 60. Da ji kamar wasan yara ne. To amma ku duba: in ɗalibi ya ɓatar da bugu 2 kawai cikin sakan 15, ya ɓatar da 8 ke nan a minti. Shi ya sa ake sa su su maimaita a kan juna sau da yawa, har mutum biyu su ƙirga hannu ɗaya su sami lissafi ɗaya.

Daga nan sai gwajin Ruffier, wanda ya ɗauki sunan wani likitan Faransa, kuma aka fi sani a ƙasashen da ke aiki da Faransanci. Ba ya bukatar komai sai agogo da takarda. Mutum zai huta, a ƙirga bugunsa. Sannan ya tsuguna ya miƙe sau 30 cikin sakan 45, a ƙirga nan take. Ya huta minti ɗaya, a ƙirga na uku. A tara ukun, a ɗebe 200, a raba abin da ya rage gida 10. Misali, wanda ya sami 70 da 120 da 85, jimla 275 ke nan, a ɗebe 200 saura 75, sakamakonsa 7,5. Ƙasa da 5 alama ce mai kyau, daga 5 zuwa 10 matsakaici, wanda ya haye 15 kuwa a kai shi wurin likita kafin ya shiga kowane fili. Yanzu ku koma ga kuren nan na bugu 8. In an yi shi a ƙirga uku ya zama 24, wato ya karkatar da sakamako da 2,4. Wannan ya isa a ce wa yaro mai rauni lafiyarsa lau.

Akwai kuma gwajin gudu. Likita Kenneth Cooper na sojan saman Amurka ya fito da nasa a 1968: a yi gudu minti 12, a auna nisan da aka ci. Saurayi ɗan shekara 20 zuwa 29 da ya wuce mita 2800, wato zagaye 7 na fili mai mita 400, yana cikin sahun gaba. A 1982 Luc Léger na Jami'ar Montréal a Kanada ya kawo wani: a ja layi biyu mita 20 tsakani, ana kai da kawo, ana ƙara sauri da ƙarar na'ura har mutum ya kasa. Wannan ya dace da makarantunmu na karkara, tun da ko filin bayan aji ya ishe shi. Sai dai a auna mita 20 ɗin da igiyar awo, kada a yi da taku. A manyan wurare akwai keken tsaye da abin rufe baki mai auna iskar da jiki ke ci, amma kayan tsada ne, ba kowace makaranta ke da su ba.

A ganina, darasin da ya fi duka nauyi shi ne sanin lokacin da za a ce a tsaya. Kafin kowane gwaji ana tambayar mutum: ka taɓa suma? Kana jin ciwon ƙirji? Zazzaɓin cizon sauro bai daɗe da sakin ka ba? Akwai sikila a gidanku? Wannan ta ƙarshe ba tambayar banza ba ce, don mutane da yawa a ƙasarmu suna ɗauke da irin sikila ba su sani ba, kuma gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa na iya kayar da su. Ana kuma auna tansiyo. Wanda nasa ya kai 14 da 9 ko ya wuce, a tura shi likita ya sake dubawa. Ana cikin gwaji, in mutum ya fara jiri, ko ya dafe ƙirji, ko tafiyarsa ta rikice, a tsai da shi nan take ko da saura sakan biyar. Samari ba su son a gan su sun gaza a gaban tsaransu, balle in ƴan mata na kallo. Malami ne zai karanta fuska.

Zafin ƙasarmu ma yana cikin lissafi. A Ƙonni, watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 da rana. Yawancin ma'aunan da ke cikin littattafai an tsara su ne a ƙasashe masu sanyi, saboda haka wanda aka gwada da azahar a bazara zai fito kamar rago alhali ba rago ba ne. Ana koya wa ɗalibai su yi gwaji da sanyin safiya, su rubuta rana da lokaci, su kuma ɗora ɗan wasa a kan sikeli kafin aiki da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa da ta fita da gumi. Ɗan kokowa mai kilo 70 in ya rasa kilo ɗaya da rabi, ƙarfinsa ya fara raguwa ke nan.

Masu horar da ƴan kokowa a ƙauyuka, daga Galmi zuwa Badagishiri, suna iya neman malamin wasanni na kwalejin da ke kusa ya nuna musu ƙirgan bugu da gwajin tsugune. A sami kaye guda a riƙa rubuta sunan kowane yaro da sakamakonsa, a sake awon bayan wata biyu na horo a gwada da na farko.