Lambar da Ta Ƙi Rabuwa: Alƙaluma Miliyan 41 a Jere

A ranar 12 ga Oktoba, 2024, wata kwamfuta a birnin San Antoniyo na Amurka ta tabbatar da lamba marar rabuwa mafi girma da aka taɓa sani. Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA, shi ya gano ta, ta hanyar hayar dubban na'urori a ƙasashe 17. Alƙalumanta 41,024,320 ne, sun ɗara na wadda ta gabace ta a 2018 da fiye da miliyan 16.

Lamba marar rabuwa ita ce wadda babu abin da zai raba ta daidai sai 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7 da 11. Kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin Girka Yuklid ya nuna cewa irin waɗannan lambobi ba su da iyaka. Gano su ne aiki, domin idan lamba ta kai miliyoyin alƙaluma, gwada raba ta ɗaya bayan ɗaya ba zai ƙare ba.

Abin da ya sa lambar Durant ta kamu shi ne danginta. Tana cikin lambobin Mersenne, waɗanda suka ci sunan malamin kirista ɗan Faransa Marin Mersenne, wanda ya rasu a 1648. Ƙirarsu ɗaya ce: a jera 2 sau da yawa, a ninka su, a debe 1. Biyu guda uku sun ba da 8, a debe 1, saura 7. Guda biyar sun ba da 31. Ta Durant kuwa biyu ce guda 136,279,841. Kafin sakamakon ya zama marar rabuwa, dole yawan biyun ya zama marar rabuwa, amma hakan kaɗai bai isa ba: guda 11 sun ba da 2,047, wadda ita ce 23 sau 89. Shi ya sa ta Durant ita ce marar rabuwa ta 52 kacal da aka sani a dangin.

Wannan ƙira ce ta ba da gwajin Lucas da Lehmer, wanda ke nuna ko lambar Mersenne marar rabuwa ce. Mu gwada shi a kan 31. A fara da 4, a ninka ta da kanta, a debe 2: an sami 14. A maimaita: 194, wadda ragowarta 8 ne in an raba da 31. A sake: 62, wadda 31 ta raba ta ba saura. Wannan sifirin shi ne shaidar cewa 31 marar rabuwa ce. Haka kwamfutar ta yi, sau fiye da miliyan 136.

Kowace lambar Mersenne marar rabuwa tana haifar da cikakkiyar lamba, wato wadda jimlar masu raba ta, ban da ita kanta, ke daidai da ita. Daga 3 ake samun 6, wato 1 da 2 da 3. Daga 7 ake samun 28, daga 31 kuma 496.

Tsaron kuɗi a intanet yana amfani da lambobi marasa rabuwa, amma masu ɗaruruwan alƙaluma kawai. Darajar wannan ƙatuwar tana ga ilimi. Har yau babu wanda ya tabbatar ko lambobin Mersenne marasa rabuwa suna da iyaka. Shirin GIMPS da George Woltman ya kafa a 1996 yana ba da manhajar neman kyauta, kuma duk ɗalibin da ke da kwamfuta da haƙuri yana iya shiga neman ta 53.