Yadda Ake Sa Gonar Abarba Ta Yi Fure Lokaci Guda

Duk wanda ya bi ta Nsawam ya ga tulin abarba a bakin titi, rani da damina, zai yi mamakin yadda ba ta yankewa. Ita dai abarba idan aka bar ta, kowane tushe kan yi fure ne sa'ad da ya ga dama, manomi kuwa ba shi da halin yanka wa mai saye rana.

Tun a ƙarni na 19 manoman tsibiran Azores na ƙasar Fotugal suka lura cewa hayaƙi kan sa abarba fure gaba ɗaya. Daga baya masana suka gano iskar etilin da ke cikin hayaƙin ce ke wannan aiki. Yau idan shuka ta yi ƙwari, manomi kan jiƙa kabaid, wato irin na masu walda, ya zuba a tsakiyar ganyen da dare ko da asuba, wasu kuma su fesa maganin etefon. Bayan kamar wata biyar sai girbi. Wanda ya yi gaggawa ya tilasta wa ƙaramar shuka, ƙananan 'ya'ya zai samu.

Inda gizo ke saƙar shi ne feshi na biyu. Turawa sun fi son abarba mai ruwan ɗorawa, don haka akan fesa etefon gab da girbi, bawo ya yi kyau. Amma maganin ba ya ƙara zaƙi. Idan ba ta ƙosa ba, tsaminta na nan. A shekarar 2016 Tarayyar Turai ba ta karɓar abarbar da ragowar maganin ya wuce miligiram 2 a kilo, kuma a kan haka ne gwamnatin Jamhuriyar Benin ta dakatar da fitar da abarbarta zuwa can a ƙarshen 2016, har cikin 2017. Abin takaici, abarba irin Sugarloaf ko da ta nuna sarai bawonta kore ne.

'Yan uwanmu masu sayar da kayan marmari a zango kuwa su lura: zuba kabaid kafin fure daban, turara mangwaro da ayaba da shi daban. Kabaid na walda yakan zo da gurɓacen arsenik da fosfuros, kuma a nan abin da za a ci yake taɓawa kai tsaye.