ƘIBA DA AWON ABINCI: BAYANI GA JAMA'AR AZUBA DA KEWAYE

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka kuma mai da Lafiya babban birninta, zaman jama'ar garuruwan da ke kewaye da birnin ya sake kama. Azuba, wadda ke bakin hanyar Lafiya zuwa Akwanga, tana cikinsu. Mutumin da a da yakan wuni yana huɗar doya, yau mai yiwuwa yana zaune a kanti ko a ofis, ko kuwa yana bisa babur tun safe har magariba. Injin niƙa ya ɗauke wa mata wahalar daka. Wannan ci gaba ne, ba mai musu. Sai dai kwanon tuwo bai ragu ba, malmalar sakwara kuwa tana nan yadda take tun zamanin garma. Aiki ya ragu, ci bai ragu ba, to daga nan ƙiba take samo asali.

A al'adance, in magidanci ya ajiye tumbi akan ce ya samu, in amarya ta yi jiki akan yaba wa mijinta. Likitoci ba su yarda da wannan hukunci ba. Ƙiba mai yawa tana buɗe ƙofa ga hawan jini, da ciwon sukari, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon gwiwa. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima.

Mene Ne Kalori?

Kalori ma'auni ne na ƙarfin da abinci ke ba jiki, kamar yadda mudu yake ma'aunin hatsi. Jiki yana ƙona wannan ƙarfi wajen numfashi, da bugun zuciya, da tafiya, da aiki. Mace baliga mai aiki matsakaici tana bukatar kimanin kalori 2,000 a yini, namiji kimanin 2,500, manomi kuwa a tsakiyar damina yakan bukaci 3,000 ko fiye. Abin da mutum ya ci ya wuce bukatarsa jiki ba ya zubarwa, sai ya mai da shi kitse ya adana, tamkar rarar hatsi a rumbu. In kuma aka ci ƙasa da bukata, sai jiki ya buɗe rumbun ya ɗiba. Babu wata hanyar rage ƙiba da ta wuce wannan.

Inda Kalori Yake Ɓuya

Mutane da yawa sukan ɗora wa doya laifi, alhali babban mai laifi yana cikin kasko. Giram ɗaya na sitaci ko na sukari kalori 4 yake bayarwa, amma giram ɗaya na mai kalori 9 ne. Babban cokali ɗaya na manja ko man gyaɗa yana ɗauke da kimanin kalori 120, watau daidai da abin da ke cikin giram 100 na dafaffiyar doya. Kwalbar mai ta santilita 75 tana da kimanin kalori 6,000, wanda ya zarce abincin namiji na kwana biyu. Saboda haka gidan da ke ƙarar da kwalba cikin 'yan kwanaki yana shan abinci mai yawa ba tare da kowa ya ji ƙoshi a cikinsa ba. Doyar da aka dafa da wadda aka soya duk daga gona ɗaya suka fito, amma ba ɗaya suke ba a jiki. Haka wake: in an dafa shi abinci ne mai riƙe ciki, in ya zama ƙosai ya sha mai. Wannan ya sa wasu sukan fito daga watan azumi da nauyin da ya fi wanda suka shiga da shi, domin buɗa-bakinsu soye-soye ne da kayan zaƙi.

Manja ba guba ba ne, yana ma da sinadarin da ke taimakon gani. Abin da ake nema shi ne uwargida ta riƙa auna shi da cokali, ta daina tuttulawa daga bakin kwalba har ya taso saman miya. Gyaɗa da riɗi da agushi, waɗanda ƙasar Lafiya ta shahara da nomansu, su ma abinci ne nagari, amma maiƙo ne da su. Giram 100 na gyaɗa ya haura kalori 550, ga shi akan ci ta ana hira, ba a ma lissafa ta cikin abinci.

Na biyu shi ne sukari. Kwalbar lemo ta santilita 50 takan ƙunshi kimanin giram 50 na sukari, watau ƙananan cokula goma sha biyu, iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya sha a yini guda. Kafin mutum ya ƙona abin da ke cikin kwalba ɗaya sai ya yi tafiyar kusan minti 45 da sauri. Gwamnatin Tarayya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a Dokar Kuɗi ta 2021. Amma zoɓo da kunu da shayin da aka cika wa sukari a gida ba haraji a kansu, illarsu kuwa ɗaya ce.

Yadda Za A Rage

Ba a bukatar abincin ƙasashen waje. Mai cin malmala biyu ya koma ɗaya, ya cike gurbin da miyar ganye mai yawa: zogale, ko rama, ko alayyafo, ko kuɓewa. Ya ƙara wake da kifi, ya sha ruwa a madadin lemo, ya ci lemon zaƙi ko gwanda in kwaɗayi ya taso. Wanda ya rage kimanin kalori 500 a yini, alal misali kwalbar lemo ɗaya da cokali biyu na mai da 'yar gyaɗar hira, yakan sauke kusan rabin kilo a mako a farkon lamari, daga baya saurin ya ragu. Kada wannan ya karya masa gwiwa, sannu ba ta hana zuwa. A wani babban bincike da aka bayyana sakamakonsa a Amurka a 2002, mutanen da ke gab da kamuwa da ciwon sukari, waɗanda aka ɗora bisa shirin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 90, abin da ake nema bai kai kilo 7 ba. Minti 150 kuwa tafiyar rabin sa'a ce kwana biyar a mako, wadda mutum zai samu in ya taka zuwa kasuwa ko wurin ibada maimakon hawa babur.

Wanda ba shi da sikeli ya samu igiya, ya auna tsawonsa daga ƙafa zuwa ka, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita daidai saman cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa.

Ana gargaɗin jama'a game da shayi da jiƙe-jiƙen rage tumbi da ake talla a tasha da cikin motoci. Da yawansu gudawa suke sawa, ruwan jiki ne ke fita, kitse yana nan, wani lokaci kuma ƙoda ta taɓu. Mace mai ciki ko mai shayarwa, da yara masu tasowa, kada su rage abinci sai da izinin ma'aikacin lafiya. Mai shan maganin ciwon sukari ya fara ganin likita, domin sukarinsa na iya faɗuwa ƙwarai. Wanda kuma yake ramewa ba tare da ya rage ci ba, ya hanzarta zuwa asibiti mafi kusa a gwada shi.